Daga Ƙahon Wanzami zuwa Tsinken Lantarki: Tarihin Karanta Jini da Neman Ma'aunin Ciwo a Gombe

Birnin Gombe da ake gani a yau ɗan jiya ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina, domin a shekarar 1919 ne fadar masarautar ta sauka a Doma, bayan ta daɗe a Gombe Abba tun zamanin Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sannan Turawan mulkin mallaka suka mayar da ita Nafada a 1913, duka ƙaurar biyu kuwa a zamanin Sarki Umaru Kwairanga aka yi su. Noman auduga da cinikin hatsi suka jawo Hausawa da Barebari da Bolawa da Terawa da Tangale suka cika garin, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, kana a ranar 1 ga Oktoba 1996 garin ya zama babban birnin jiha. A cikin waɗannan shekaru ɗari da 'yan kai, hanyar da mutanen garin suke bi su gane abin da ke damun jiki ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma kusan duk sauyin a kan jini ya faru. An fara da kallonsa da ido, aka koma zuba shi a kwalba da leƙa shi ta madubin likita, yau kuma ana ɗiga shi a kan tsinken da ke mayar da shi lamba. Abin da duk waɗannan hanyoyi ba su kai ga aunawa ba shi ne raɗaɗin ciwo, wanda shi ne yake fara fitar da mutum daga gidansa zuwa neman magani.

Wanzami shi ne ma'abucin jini na farko a ƙasar Hausa da Fulanin gida, kuma sana'arsa ta wuce aski nesa ba kusa ba, tunda shi ke yin kaciya, da cire beli, da tsagar gado, da sakiya, wato huda ƙurji da ƙarfe mai zafi don mugunya ta fita, har ma sana'ar tana da shugabanta mai sarautar Sarkin Aska. A aikin ƙaho kuwa ya fi kusantar abin da yau ake kira gwajin jini. Mai ciwon baya ko kafaɗa yakan zauna a tabarma ya ba da baya, wanzami ya jiƙa wurin da ruwa, ya kafa ƙahon saniya, ya zuƙe iskar da ke ciki ta wata 'yar kafa da ke tsininsa, ya toshe kafar, ya bar fata ta kumburo. Bayan ɗan lokaci sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da aska, ya sake kafawa, idan ya ɗauke karo na biyu sai ga jini ya taru baƙi ƙirin, guda-guda. Wannan shi ake kira mataccen jini, kuma daga duhunsa da kaurinsa wanzami yake yanke hukunci a kan tsananin abin da ke cin mai shi, ko sanyi ne ya shige shi, ko wahala ce ta taru. Ilimin zamani ya nuna cewa kowane jini yakan daskare ya yi duhu idan ya bar jijiya, ko na mai lafiya ne, saboda haka launin ba hujja ba ce. Amma tunanin da aka gina aikin a kansa, cewa ciwo yana barin sawu a cikin jini kuma mai sani zai iya karanta sawun, shi ne dai tunanin da masana ilimin sinadarai suke bi a yau, kuma bai kamata a raina waɗanda suka riga su riƙe shi ba. Ƙaho ya sami ƙarin daraja saboda matsayinsa a maganin Musulunci, fannin da malaman jihadi suka ba muhimmanci, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido.

Akwai dalilin da ya sa neman shaida daga jini yake da nauyi na musamman a wuri irin Gombe, dalilin kuwa na tarbiyya ne. Masarauta ce da Fulani suka kafa, kuma a cikin ɗabi'un da ake kira pulaaku, haƙuri da kunya suna kan gaba, har ya zama nuna raki abin kunya ne ga mutum da danginsa. A shaɗi, wanda kuma ake kira sharo, saurayi yakan buɗe ƙirji a tsula masa tsumagiya a gaban jama'a, darajarsa kuwa ita ce kada fuskarsa ta canja. Yaro a ɗakin kaciya ana yaba masa idan bai yi kuka ba, mace mai naƙuda, musamman a haihuwar fari, ana son ta danne nishinta kada surukai su ji. Hausawan garin ma haka suke, domin duk wanda aka je dubawa aka ce masa yaya jiki, amsarsa ita ce da sauƙi, ko da kuwa numfashi da ƙyar yake fita. Wannan ɗabi'a tana da kyawunta, tana kuma tafe da imanin cewa ciwo jarrabawa ce mai kankare zunubi, sai dai a gaban likita takan zama shamaki. Ma'aunin da asibitocin duniya suke amfani da shi har yau tambaya ce kawai: a ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, ko a nuna wa yaro zanen fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka ya nuna wadda ta yi kama da halinsa. Dattijon da aka raina a kan dauriya zai iya cewa 3 alhali wani a irin halinsa 9 zai ce, jariri da wanda ya suma kuwa ba su da bakin cewa komai.

Zuwan asibitin Turawa ya kawo sabon ido. A kudancin yankin, 'yan mishan na Sudan Interior Mission sun sauka a Kaltungo a 1917, kuma kamar yadda suka saba a sauran wurare, sun haɗa wa'azi da ba da magani, yayin da a cikin gari ɗakunan shan magani na En'e da babban asibitin gwamnati, wanda daga baya ya zama Asibitin Ƙwararru na jiha, suka saba wa jama'a da allura da ɗibar jini. Madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, ya ba da damar ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin ɗigon jini da aka shafa a gilashi, wani gwajin kuma ya nuna yawan jajayen ƙwayoyin jini, wanda daga gare shi ne maganar jininsa ya yi ƙasa, sai an ƙara masa, ta shiga bakin kowa.

Wani gwajin jini da ke ceton rayuka da yawa a wannan yanki, duk da haka, ba ya bukatar madubi ko wutar lantarki. Ƙasar Kaltungo da Billiri da Balanga tana cikin wuraren da kububuwa ta fi yi wa manoma da makiyaya ɓarna a duk Afirka ta Yamma, kuma dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare, ta yadda wanda ta sara zai iya tafiya da ƙafarsa yana magana alhali jini yana tsiyaya a cikin jikinsa. A shekarun 1970, likita David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka bayyana wata hanya mai sauƙi: a ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ta ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, to da sauran dama, idan kuwa ya kwarara kamar yadda aka zuba shi, dafi ya kama jini, sai a yi maza a ba da maganin dafi, a sake gwajin bayan awa 6. Wannan gwaji shi ne ginshiƙin aiki a asibitin saran maciji na Kaltungo, inda aka gwada magungunan EchiTAb guda biyu, ɗaya haɗin Birtaniya ɗaya na Kosta Rika, a kan majinyata 400, aka buga sakamakon a 2010. Muhimmancin wannan misali shi ne gwajin ya raba abin da majinyaci yake faɗa da abin da jininsa yake nunawa, kuma ya yi tasiri ne saboda araharsa da sauƙinsa, tunda kowane ma'aikacin jinya a ƙauye zai iya yinsa.

Ciwon da ya fi bayyana bukatar ma'aunin raɗaɗi shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Cuta ce ta gado da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su yi tauri idan iskar oksijin ta yi musu ƙaranci, sai su toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi da gaɓoɓi su rasa jini, mai shi ya shiga azabar da iyayen masu cutar suke kira tashin ciwo, wadda sanyin hunturu da na damina da zazzaɓi da ƙarancin ruwa a jiki suke tayarwa. Likita James Herrick na Cikago ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1910, a 1949 kuma Linus Pauling da abokansa suka nuna cewa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, na masu cutar yana tafiya dabam da na sauran mutane idan aka ratsa shi da wutar lantarki. Daga wannan bincike aka samo gwajin da ke faɗa wa masu shirin aure ko su AA ne ko AS ko SS. Nijeriya ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar a duniya, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Gombe a 1996, wadda ta zama Asibitin Koyarwa na Tarayya a 2014, tana cikin cibiyoyi shida da gwamnatin tarayya ta zaɓa a farkon shekarun 2010 don kula da sikila da gwajin jarirai, ita ce kuma ta wakilci Arewa maso Gabas. Amma gwajin da ke tabbatar da cutar ba ya faɗin tsananin azabar da mai ita yake ciki a daren da aka kawo shi asibiti. A nan ne wata matsala mai ɗaci take ɓullowa, domin magungunan da ke kashe irin wannan raɗaɗi, irin su mofin da fentazosin da tiramol, suna iya kama jiki, kuma tun da shaye-shayen tiramol da kodin ya zama annoba a Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, saurayin da ya zo yana murƙususu yana neman allura yakan haɗu da kallon zargi. Wanda ya daure ana ganin ciwonsa bai kai ba, wanda ya yi ihu ana zaton jaraba ce ta motsa.

Na'urar da ake fatan za ta shiga tsakani ta samo asali ne daga Amurka, inda Leland Clark ya ƙera ma'aunin oksijin na lantarki a shekarun 1950, sannan a 1962 shi da Champ Lyons suka kawo shawarar lulluɓe shi da inzayim, wato sinadarin halitta da ke hanzarta sarrafa wani abu guda ɗaya tak, don a auna suga a cikin jini. Wannan haɗi shi ne abin da ake nufi da na'urar gano sinadaran jiki ta lantarki: ɓangare ɗaya na halitta mai gane abin da ake nema, ɓangare na biyu ɗan farantin ƙarfe ko gawayi mai mayar da ganewar zuwa motsin lantarki da za a iya ƙidayawa. Kamfanin Yellow Springs ya fitar da babbar na'urar ɗakin gwaji a 1975, masu bincike a Jami'ar Okusfod suka samo a 1984 wani sinadari mai ɗauko ƙwayoyin lantarki daga inzayim zuwa farantin, a 1987 kuma aka fara sayar da ExacTech, mai siffar alƙalami. Jikanyarta ce na'urar gwajin suga da yau take a kyamis-kyamis na unguwannin Jekadafari da Pantami da Bolari, da jakar dattawa masu ciwon suga. Ana soka ɗan yatsa, a taɓa ɗigon jinin da bakin tsinken gwaji, tsinken ya tsotse shi, inzayim ya sarrafa sugan ya saki ƙwayoyin lantarki gwargwadon yawansa, cikin 'yan daƙiƙoƙi lamba ta fito a fuskar na'urar. Ya kamata a bambanta ta da ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro mai fitar da layi ɗaya ko biyu, domin shi launi yake nunawa ya ce akwai ko babu, ita kuwa adadi take bayarwa.

Tambayar da masana suka yi daga nan ita ce ko za a sami wani abu a jini da zai tsaya wa ciwo kamar yadda suga ya tsaya wa cutarsa. Irin wannan abu shi ake kira alamar jini, wato sinadarin da yawansa yake hawa ko sauka tare da wani hali na jiki. Tun 1931 Ulf von Euler da John Gaddum suka gano sinadarin da aka raɗa wa suna P, wanda daga baya aka gane jijiyoyi suna amfani da shi wajen isar da saƙon raɗaɗi, a 1971 kuma John Vane ya nuna cewa asfirin tana aiki ne ta hana jiki haɗa furostagilandin, sinadaran da ke ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi a wurin da ya kumbura. Inzayim ɗin da ke ƙaruwa ya haɗa su a lokacin kumburi shi ne COX-2, akwai kuma wasu alamomin irin su iNOS, da IL-6, da kotisol da jiki yake saki a halin matsi. Daga cikin waɗanda suka daɗe suna aiki a kan auna irin waɗannan da lantarki akwai Farfesa Omowunmi Sadik, 'yar Nijeriya da ta yi karatun sinadarai a Jami'ar Legas, ta yi digirin digirgir a Wollongong ta ƙasar Ostareliya, ta koyar a Binghamton sannan ta koma Cibiyar Fasaha ta New Jersey, wadda ita da ɗalibanta suka mayar da hankali a kan COX-2 da iNOS. A irin wannan na'ura, ana manna wa farantin wasu sinadaran garkuwar jiki waɗanda kowannensu abu guda yake kamawa, kamar yadda kowace wuƙa take da kubenta, idan jini ya ratsa suka cafke abin da ake nema sai wucewar lantarki ta canja, na'urar ta auna canjin.

Aikin ya fi na suga wuya ƙwarai da gaske. Suga yana da yawa a jini, wajen miligiram 90 a kowace desilita ga mai lafiya, alhali sinadari irin IL-6 ya gaza wannan da ninki ɗaruruwan miliyoyi, ga kuma sauran furotin na jini da ke manne wa farantin su dagula lissafi. Babbar matsalar ma ba ta fasaha ba ce. Yawancin waɗannan alamomi kumburi suke nunawa, kumburi kuwa ba shi ne ciwo ba, domin akwai mai kumburin da ba ya jin zafi, akwai kuma wanda jijiyarsa ta lalace yake shan azaba jininsa kuwa lafiya lau. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, a ma'anar da ta bayar a 1979 ta kuma sabunta a 2020, ta ɗauki ciwo a matsayin abin da jiki da zuciya suke ji tare, wanda tsoro da rashin barci da abin da mutum ya taɓa sha suke ƙara masa ko rage masa nauyi. Shi ya sa har yanzu waɗannan na'urori suna matakin bincike, kuma tambayar majinyaci ita ce ma'aunin da likitoci suke dogara da shi.

A Gombe akwai ƙarin abin lura guda biyu. Na farko, jinin mutumin da yake fama da zazzaɓin cizon sauro duk damina, ko tsutsar ciki, ko sikila, yana iya ɗauke da alamomin kumburi fiye da na wanda aka gwada na'urar a kansa a Amurka, saboda haka lambar da aka ɗauka a matsayin iyakar lafiya a can ba lallai ta dace da manomin Akko ko makiyayin Dukku ba. Na biyu, tarihin na'urar suga ya nuna cewa sayen na'ura ba shi ne wahala ba, tsinken da ake yarwa bayan kowane gwaji shi ke cin kuɗi, ga zafin bazara da ke lalata inzayim idan ba a adana tsinken da kyau ba, kuma gidaje da yawa suna da na'urar a ajiye ba tsinke. Kwalbar Kaltungo ta yi nasara ne domin ba ta da irin wannan ɗawainiya.

Duk da haka bai dace a yi watsi da wannan fanni ba, domin ga jariri mai sikila da hannuwansa suka kumbura, da wanda aka fito da shi daga ɗakin tiyata bai farfaɗo ba, da tsohuwar da kunya ta hana ta cewa komai a gaban surukinta, ko ƙaramar shaida daga jini za ta iya sa a ba da magani da wuri. Sharaɗin shi ne lambar ta zama mai ƙarfafa maganar majinyaci, kada ta zama hujjar ƙaryata shi, domin ranar da aka hana mai sikila allura saboda na'ura ba ta ga ciwonsa ba, an ƙara masa zalunci ne a kan wanda yake ciki. Asibitin Koyarwa na Tarayya da kwalejin likitanci ta Jami'ar Jihar Gombe, jami'ar da aka kafa a 2004, suna da majinyata da ɗakunan gwaji da ɗaliban da za su iya fara tattara bayanan waɗannan alamomi a jinin mutanen yankin tun yanzu, a lokacin lafiya da lokacin tashin ciwo, kuma ya kamata su fara kafin 'yan kasuwa su shigo da na'urorin da aka daidaita a kan jinin wasu.